Tambarin zuriya a Turai: Asalinsa, dokokinsa da matsayinsa wajen bin salsala

A shagunan sayar da tsaraba na biranen Landan da Edinbara da Dabilin, ana baje kolin alluna da kofuna da riguna masu ɗauke da hoton garkuwa, a ƙarƙashin kowace an rubuta sunan wani gida. Mai saye zai faɗi sunan da ya gada daga ubansa, a ɗauko masa garkuwa mai hoton zaki ko gaggafa, a ce masa tambarin kakanninsa ke nan. Cinikin ya ƙara bunƙasa a intanet, musamman tsakanin mutanen Amurka da Kanada da Ostireliya masu neman tushensu a Turai.

Sai dai hukumar da ke da alhakin tambura a Ingila, wadda ake kira College of Arms, ta daɗe tana bayyana cewa babu wani abu wai shi tambarin suna. A dokar Ingila da ta Sikotilan, mutum ɗaya ake bai wa tambari, sannan zuriyarsa ta wajen 'ya'ya maza ta gada. Wanda suna kawai ya haɗa su ba shi da haƙƙi a ciki, kamar yadda takwaran mai gona ba ya cin gadon gonar. Saboda haka wanda ya sayi irin wannan allo, galibi tambarin wani mutum dabam ya rataya a ɗakinsa, kuma idan a kansa ya gina tarihin gidansu, to ya ɗora gini a kan filin da ba nasa ba.

Yadda abin ya faro

Al'adar ta samo asali ne a yammacin Turai wajen tsakiyar ƙarni na 12. Barade a wancan zamani sun fara sa sulke da kwalkwalin da ke rufe fuska, har ya zama da wuya a gane mutum a fagen fama ko a filin wasan barade. Sai kowane barde ya zaɓi zane mai launi ya sa a garkuwarsa da tutarsa da rigar da yake ɗorawa a kan sulke. Yin zane a garkuwa tsohon abu ne a duniya. Sabon abin da Turawa suka zo da shi shi ne barde ya riƙe zane ɗaya iya rayuwarsa, bayan mutuwarsa ɗansa ya gada.

Misalin da masana suka fi kawowa shi ne na Geoffrey, mai mulkin yankin Anjou a Faransa. An ruwaito cewa lokacin da zai auri 'yar Sarki Henry na 1 na Ingila, surukin nasa ya rataya masa garkuwa mai hoton zakoki na zinariya. Geoffrey ya mutu a shekarar 1151, kuma hoton da aka yi domin kabarinsa a birnin Le Mans yana nuna shi riƙe da shuɗiyar garkuwa mai zakoki. Jikansa William Longespée, wanda ya mutu a 1226, irin wannan garkuwa ce a kan kabarinsa a babbar majami'ar Salisbury. Zakoki ukun da ake gani yau a rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila ma daga wannan gida suka fito, domin Sarki Richard na 1, wani jikan Geoffrey, shi ne ya sa su a babban hatiminsa wajen shekarar 1198.

Hatimi ne ya fitar da tambari daga fagen yaƙi zuwa rayuwar yau da kullum. A zamanin da mutane ƙalilan suka iya rubutu, hatimin da aka danna a kan kakin zuma shi ne sa hannu a takardar cinikin ƙasa ko ta wasiyya. Don haka mata da limaman coci da hukumomin birane da ƙungiyoyin masu sana'a duk suka yi nasu. A wasu sassan Faransa da Jamus da Suwizalan, har fatake da manoma sun mallaki tambura.

Daular Mamaluka, wadda ta mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517, ta yi wani tsari mai kama da wannan. Manyan hakimanta suna sa alama a gine-ginensu da fitilun masallatan da suka gina da kayan tagulla. Alamar tana nuna aikin da mutum ya yi a fadar sultan: ƙoƙo ga mai shayarwa, gidan alƙalami ga magatakarda, takobi ga mai kula da makamai. Da yake muƙami take nunawa, galibi ba ta zama gadon zuriya irin ta Turai ba, kuma ta ɓace bayan da Turkawan Usmaniyya suka ci Masar.

Sassan tambari

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar zuwa Turai kafin ya ga cikakken tambari irin wannan, domin yana a bangon fasfonsa. Tambarin Najeriya, wanda aka samar a 1960, an tsara shi ne bisa ƙa'idojin Ingila, kamar yadda aka yi wa na Ghana wanda Amon Kotei ya zana a 1957.

Garkuwa ita ce uwa, in babu ita babu tambari. Ta Najeriya baƙa ce, da farin ziri mai lanƙwasa wanda ya rabu biyu daga sama, alamar haɗuwar kogin Neja da na Binuwai a Lokoja. A saman garkuwa akwai tukku, wato adon da barade kan ɗora a ƙoƙon kwalkwali, wanda yake zaune a kan wani gammo na murɗaɗɗen ƙyalle. A na Najeriya tukkun jar gaggafa ce, gammon kuma kore da fari. A tamburan mutane akan zana kwalkwalin kansa tsakanin garkuwa da gammo, da mayafin da ke saukowa daga gare shi. Fararen dawakai biyun da ke gefe su ne madogaran garkuwa, kuma a Ingila ba kowa ake ba su ba, sai manyan masu sarauta da manyan barade da wasu hukumomi. A ƙasa kuma akwai take. Na Najeriya, kamar yadda sashe na 15 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, shi ne haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba.

Launukan da aka saba amfani da su bakwai ne. Biyu ana kiran su ƙarafa, wato zinariya da azurfa, waɗanda ake zanawa da ruwan ɗorawa da fari. Sauran biyar su ne ja da shuɗi da baƙi da kore da shunayya. Babbar ƙa'idar ita ce ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a kuma ɗora launi a kan launi. Dalilin a bayyane yake: jan zane a kan shuɗi ba ya fita daga nesa, amma fari a kan baƙi ko mai raunin gani zai hango shi. Dama da hagu kuma na mai riƙe da garkuwar ake nufi, don haka abin da mai kallo ke gani a hagunsa shi ne daman garkuwa, kuma shi ne ɓangaren da ya fi daraja.

Wani abin lura shi ne, kalmomin da suka bayyana tambarin su ne abin da doka ta sani. Ana rubuta su da wani salo na musamman da ya cika da tsohon Faransanci. Mai zane yana iya yin zakinsa da ƙiba ko siriri yadda ya ga dama, muddin bai saɓa wa rubutaccen bayanin ba.

Me zanen yake nufi?

Masu sayar da alluna sukan haɗa da takardar da ke cewa ja na nufin jarumta, shuɗi na nufin amana, zaki na nufin kakan mai saye ya yi bajinta a yaƙi. Masana fannin ba su yarda cewa launuka da dabbobi suna da wata tsayayyiyar ma'ana da ta game kowa ba. Irin waɗannan fassarori marubutan baya ne suka ƙaga su, kuma littattafansu ma suna saɓa wa juna. Ma'anar tambari tana wurin wanda ya zaɓe shi, in ya bar bayani a sani, in bai bari ba sai dai hasashe.

Abin da ya fi yawa a zahiri shi ne wasa da suna. Daular Kastil ta ƙasar Sifen ta sa hoton gidan sarauta mai hasumiyoyi, domin abin da sunanta ke nufi ke nan, maƙwabciyarta Leyon kuma ta sa zaki. Tambarin da aka bai wa John Shakespeare, mahaifin shahararren marubucin nan, a shekarar 1596 yana ɗauke da mashi, domin ƙarshen sunan gidan mashi yake nufi da Ingilishi. Gidan Bowes-Lyon, inda mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta 2 ta fito, bakuna da zakoki ne a garkuwarsu, saboda sautin sunayen biyu.

Tamburan zamani sukan zo da bayani. Gab da auren Yarima William a 2011, an bai wa surukinsa Michael Middleton tambari mai 'ya'yan itacen ok guda uku, ɗaya domin kowane ɗa cikin 'ya'yansa uku, da zirin zinariya a tsakiya domin matarsa, wadda sunan gidansu, Goldsmith, ke nufin maƙerin zinariya.

Wani lokaci kuma tambari sanarwa ce ta siyasa. A 1340 Sarki Edward na 3 ya raba garkuwarsa gida huɗu, ya haɗa furannin sarautar Faransa da zakokin Ingila, domin shelanta cewa shi ne magajin gadon sarautar Faransa ta wajen mahaifiyarsa. Wannan da'awa na cikin abin da ya rura wutar yaƙin da aka sani da Yaƙin Shekara Ɗari. Furannin sun ci gaba da zama a tambarin sarakunan Ingila har 1801, shekaru da dama bayan da'awar ta zama suna kawai.

Gado da aure a fuskar garkuwa

Abin da ya sa masu bin salsala ke daraja tambari shi ne, yana rubuta dangantaka. A al'adar Ingila akwai ƙananan alamomi da ke bambanta 'ya'ya: ɗan fari yana ƙara wani ziri mai yatsu uku a saman garkuwa muddin mahaifinsa na raye, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, na huɗu ɗan tsuntsu, na biyar zobe. Ingilishi ba su cika kiyaye wannan ba, amma a Sikotilan doka ce: magaji kaɗai ke ɗaukar tambarin uba yadda yake, sauran sai sun je an yi musu rajistar nasu da wani bambanci.

Idan mai tambari ya auri 'yar mai tambari, sai a tsaga garkuwa biyu, na miji a dama, na gidan matar a hagu. Idan kuwa matar ba ta da ɗan'uwa namiji da zai gaji mahaifinta, ita ce magajiyar tambarin. Mijinta zai sa shi a ƙaramar garkuwa a tsakiyar tasa, 'ya'yansu kuma su raba garkuwa gida huɗu su haɗa na uba da na uwa. Kowace magajiya da aka auro tana shigowa da nata da na kakanninta, har gidajen su yi yawa. Wani zane da aka yi wa gidan Grenville a fadarsu ta Stowe a farkon ƙarni na 19 yana da gidaje 719 a garkuwa ɗaya.

Saboda haka garkuwar da aka sassaƙa a kan kabari, ko a tagar majami'a, ko a cokalin azurfa, tana iya gaya wa masani wane ne ya auri wace, kuma a wane zamani, ko da babu rubutu ko ɗaya a jikinta.

Shari'a da hukumomi

A shekarar 1385, lokacin da Sarki Richard na 2 ya kai yaƙi Sikotilan, barade biyu a rundunarsa, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar da garkuwarsu iri ɗaya ce: shuɗiya da zirin zinariya a karkace. Kowa ya ce ta kakanninsa ce. Aka kai maganar Kotun Barade, inda ɗaruruwan shaidu suka bayyana, ciki har da baffan sarki John na Gaunt da mawaƙi Geoffrey Chaucer. Kotu ta ba Scrope gaskiya a 1389, amma ta yarda Grosvenor ya riƙe zanen in ya ƙara masa farin baki. Da aka ɗaukaka ƙara, sarki ya yanke hukunci a 1390 cewa wannan ɗan bambanci na 'yan'uwa ne, bai isa tsakanin mutanen da ba su haɗa jini ba. Grosvenor ya koma ga damin alkama na zinariya. Zuriyarsa, waɗanda suka zama masu sarautar Westminster, ba su manta ba: dokinsu da ya ci babbar sukuwar Derby a 1880 sunansa Bend Or, wato zirin zinariya.

Masu kula da waɗannan al'amura asalinsu sankirori ne, masu shelar sunayen barade a filin wasa da kai saƙo tsakanin rundunoni. Aikinsu ya tilasta musu haddace tambarin kowa. A 1484 Sarki Richard na 3 ya haɗa su a hukuma ɗaya, ita ce College of Arms da ke Landan har yau. Jami'anta 13 ne, uku daga ciki suna da muƙamin sarkin tambura, kuma duka suna ƙarƙashin mai sarautar Norfolk, wanda gidansu ke gadon wannan shugabanci. Tsakanin 1530 da 1688 sankirorin sun riƙa zagaya lardunan Ingila suna kiran duk mai amfani da tambari ya kawo hujja. Wanda ya kasa, a shelanta sunansa a bainar jama'a, a kankare zanen. Salsalolin da suka rubuta a waɗannan rangadi suna cikin manyan madogaran masu bincike a yau, ko da yake ana samun kurakurai da ƙari a cikinsu, musamman a kakannin nesa.

Hukumar tana ba da sababbin tambura har yanzu. Mai nema yana shigar da buƙata, a duba matsayinsa, kamar digirin jami'a ko lambar girma ko hidimar da ya yi wa jama'a, sannan ya biya kuɗin da ya kai dubban fam. Kotun Barade kuwa rabon da ta zauna tun 1954, lokacin da hukumar birnin Manchester ta yi ƙarar wani gidan wasan kwaikwayo kan amfani da tambarinta. A Sikotilan lamarin ya fi tsanani. Kotun Lord Lyon da ke Edinbara cikakkiyar kotu ce mai lauyan gabatar da ƙara, tana riƙe da rajistar da dokar 1672 ta kafa, kuma tana da ikon cin tara da ba da umarnin cire tambarin da ba shi da rajista.

Ba ko'ina aka bi wannan tsari ba. A Faransa, Sarki Louis na 14 ya tilasta rajistar tambura a 1696 domin tara kuɗin baitulmali, aka rubuta fiye da 100,000, har da waɗanda jami'ai suka ƙaƙaba wa mutanen da ba su nema ba. Masu juyin juya hali sun soke tambura baki ɗaya a 1790. A Polan gidajen sarauta da yawa masu sunaye dabam-dabam sukan yi tarayya a tambari ɗaya. Afirka ta Kudu ta kafa hukumarta a 1963, Kanada a 1988. Amurka ba ta da hukumar da ke bai wa mutane tambari, ko da yake tutar birnin Washington an ɗauko ta ne daga tambarin gidan George Washington, taurari uku ja a kan zirara biyu.

Hanyar bin salsala

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka haɗu a kai ita ce mutum ya fara daga kansa ya koma baya, uba bayan uba, ba ya tsallake ko ɗaya sai da takardar da ta ɗaure shi da na gabansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara daga wani mashahurin mutum mai suna iri ɗaya, a yi ta neman hanyar gangarowa zuwa kai.

A Ingila takardun suna da matakai. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837, Sikotilan kuma a 1855. Ƙidayar jama'a ta 1841 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowa, kuma ana ɓoye sakamakon ƙidaya shekara 100 kafin a buɗe, shi ya sa sai a 2022 aka saki ta 1921. Kafin waɗannan, sai littattafan majami'u na baftisma da aure da jana'iza, waɗanda aka ba da umarnin fara rubutawa a 1538, sai wasiyyoyi da takardun filaye da na haraji. Wanda ya bi wannan hanya har ya isa ga mutumin da aka bai wa tambari, ta wajen maza ba tare da yankewa ba, shi ne mai haƙƙin ɗaukarsa.

Suna kaɗai ba hujja ba ne. Smith, sunan da ya fi yawa a Ingila, maƙeri yake nufi, kuma kusan kowane ƙauye da maƙerinsa, ba tare da sun haɗa kaka ba. Baƙaƙen Amurka da yawa suna ɗauke da sunayen iyayengijin da suka bautar da kakanninsu, kuma sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta mafi yawansu da sunayensu. Haka abin yake a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kuɓutar daga jirgin bayi a 1822, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan ne lokacin da aka yi masa baftisma a Saliyo. Duk tambarin da wani shago zai manna wa wannan suna ba shi da alaƙa da asalin zuriyarsa a ƙasar Yarbawa.

Inda ake kwaɗayin asali mai daraja kuma ba a rasa 'yan damfara. Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya shafe shekaru yana sayar wa attajiran Amurka salsalolin da ya cakuɗa takardun gaskiya da na ƙarya a cikinsu, kuma har yau ƙirƙire-ƙirƙirensa na yawo a littattafai da shafukan intanet. Lissafi ma yana rage wa alfaharin ƙarfi. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. A hawa na 10 adadin ya kai 1,024, a hawa na 20 ya haura miliyan ɗaya. A cikin irin wannan taro, samun basarake ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma tambari layi ɗaya tak yake bi a cikinsu.

Shaidar ƙwayoyin halitta

Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya ƙara wata hanya. Akwai nau'in da ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai, akwai kuma wanda kowa ke gada daga uwarsa. Misalin da ya fi shahara ya faɗa kan wanda ya kafa hukumar tambura da kansa. An kashe Richard na 3 a yaƙin Bosworth a 1485, kabarinsa ya ɓace, sai a 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a birnin Leicester. Ƙwayoyin wajen uwa sun dace da na mutane biyu da suka fito daga zuriyar yayarsa Anne ta wajen mata, wanda ya taimaka wajen tabbatar da cewa shi ne. Amma na wajen uba ba su dace da na mazan da salsala ta ce kakansu ɗaya da shi ba. Ma'ana, a wani wuri cikin wannan dogon jeri na manyan gidaje, wanda aka rubuta a matsayin uba ba shi ne mahaifi ba.

Gwajin yana da ƙarfi wajen gano dangi na kusa. Kason da kamfanoni ke bayarwa na cewa mutum kashi kaza daga ƙabila kaza yake kuwa ƙiyasi ne, ya dogara da yawan samfurin da kamfanin ya tara, kuma samfurin 'yan Afirka bai kai na Turawa yawa ba. Akwai kuma batun sirri. A 2023 masu kutse sun samu bayanan mutane kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe na Amurka, kuma a watan Maris na 2025 kamfanin ya shigar da takardun karyewar arziki a kotu, abin da ya tayar da tambaya kan makomar bayanan da ya tara. Wanda ya ba da yawunsa a gwada ya bayyana wani ɓangare na sirrin 'yan'uwansa ma, ko da ba su sani ba.

Mai neman asalinsa a Najeriya

Tsarin tambarin zuriya bai kafu a Najeriya ba, abin da ya shigo shi ne na gwamnatoci da jami'o'i da rundunoni. Aikin bayyana asali a ƙasar Hausa wasu abubuwa ne suka ɗauke shi: kirarin gida, da sarautar gado, da sana'ar gado, da zanen fuska wanda a da yake nuna Bagobiri ko Bakabe tun daga nesa, kafin ya ja baya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta hana yi wa yaro. Sunan gida ma bai cika ɗorewa ba, domin Bahaushe yakan ɗauki sunan mahaifinsa ko na garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, jikansa kuma ya ɗauki wani.

Akwai rubutattun madogara. Tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara daga Larabci a 1908 ya jero sarakuna tun daga Bagauda. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, wadda aka faro a 1954 ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, tana da manyan rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna, inda ake samun rahotannin gundumomi da takardun haraji na zamanin Turawa. Gidan Arewa da ke Kaduna ma yana riƙe da takardu masu yawa, gidajen malamai kuma suna da salsaloli da Larabci da ajami. Amma waɗannan sun fi ambaton masu mulki da malamai. Ga mafi yawan gidaje, sunan kakan kaka da garin da ya baro da dalilin tasowarsa suna bakin tsofaffin gidan ne kaɗai. Ƙa'idar nan ta farawa daga kai a koma baya tana aiki a nan ma: a zauna da su a rubuta abin da suka sani, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a kwatanta ruwayar wani da ta wani, sannan a nemi abin da takarda za ta iya tabbatarwa.